A Ba Kowa Bindiga? Haba Jama'a!

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato. Da zarar an ji labarin wani sabon hari, sai wani ya buga ƙafa ya ce, "Ai maganin abin nan ɗaya ne, a ba kowa bindiga kawai kamar yadda ake yi a Amurka." Sai a yi ta gyaɗa kai, har da waɗansu malamanmu. To ni dai ban yarda ba, kuma kada wani ya ce don ina kwance a inuwa ne nake faɗin haka. Ni mutumin Birnin Tudu ne ta ƙasar Bakura, kuma duk wanda ya san tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san ba labari muke ji ba. A watan Fabrairu na 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a dare ɗaya. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebe yara 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. Duk da haka ina nan a kan bakana: wannan kira na a ba kowa bindiga, kome daɗinsa a kunne, dabara ce ta masu mulki don su sauke kayan da ke kansu su ɗora wa talaka.

Ba sai mun yi ta hasashe ba, don kuwa an riga an gwada abin a jiharmu. A ƙarshen watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta fitar da sanarwa ta bakin kwamishinan yaɗa labarai, Ibrahim Dosara, cewa jama'a su shirya su mallaki bindigogi don kare kansu. Aka ce an umarci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba duk wanda ya cancanta lasin, kuma za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ɗauki alƙalami ka lissafa, fom 9,500 ke nan, a jihar da tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura miliyan uku. Ba a ko kwana biyu ba Kwamishinan 'Yan Sandan, Ayuba Elkanah, ya fito ya ce shi fa ba zai ba da lasin ba, domin hanin da aka yi daga sama yana nan daram. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da ikon ba da irin wannan umarni. Magana ta mutu a nan. Bayan mako uku kacal, a watan Yuli, sai ga Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suke nema ruwa a jallo tun 2020. An dakatar da sarkin daga baya, gaskiya ne, amma talaka ya riga ya ga abin da ya gani: shi an ce ya je ya cike fom, wanda ake tsoro kuwa an ba shi rawani.

Shin gwamna da lauyoyinsa ba su san doka ba ne? Sun sani sarai. Tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin makamai da harsasai a cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, ya kuma ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Tun a 2018 Gwamna Abdul'aziz Yari ya faɗa da bakinsa cewa ya ajiye sunan babban jami'in tsaron jiha, tun da ba shi da iko a kan soja ko ɗan sanda. Wanda ya gaje shi ya san da wannan. Abin da ake so da waccan sanarwa shi ne a ji a rediyo cewa gwamnati ta yi wani abu, in an sake kai hari kuma a ce ai mun ce ku nemi bindiga. Wani abin takaici ma, wanda ba zan iya wucewa ban taɓa ba, uku daga cikin gwamnonin da suka mulki Zamfara daga 1999 'yan wannan yanki namu ne: Ahmad Sani na Bakura, Yari na Talata Mafara, Matawalle na Maradun. In da haihuwar gwamna tana kawo tsaro, da mu ne za mu riƙa kwana da ƙofa a buɗe.

Yanzu bari mu duba ita dokar bindigar kanta, tun da yawancin masu wannan kira ba su taɓa buɗe ta ba. An kafa ta a 1959, Turawa na shirin naɗe tabarma, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, wato bindigogin soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin waɗanda mutum kan mallaka don farauta ko sha'awa, kamar mai baki biyu da bindigar iska, su kuma lasin ɗinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri, wato bindigar toka da danginta, waɗanda aka bar sha'aninsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da shawarar gwamna. A 1984 gwamnatin soja ta ƙara da wata doka, wadda ta yanka wa mai riƙe bindiga ba da izini ba tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun. A watan Agusta na 2023 kuma Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada cewa an dakatar da ba da lasin.

Wannan rabo na gida uku ba daga sama ya faɗo ba. Tun a 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Burasal na Beljiyam suka ƙulla cewa kada a sayar wa baƙar fata bindigar zamani, sai dai ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da wannan dabara ce suka zo Sakkwato a watan Maris na 1903 da bindiga mai ruwa, suka tarar da mazaje da takobi da mashi da kwari da baka. Da suka zauna da gindinsu, sai kashi na biyu ya zama na Razdan da Di'o da manyan 'yan kasuwa, waɗanda kan fita ran Lahadi su harbi zabi da agwagwar ruwa don nishaɗi. Bayan sun tafi sai manyanmu suka gaji kujera, suka gaji mai baki biyu, suka gaji harbin zabi. Talaka kuwa yana nan da harbi-rugarsa inda aka bar shi.

To a nan ne nake so masu cewa a ba kowa bindiga su tsaya su ba ni amsa. Wace bindigar za a ba kowa? In ta kashi na uku ce, ai ba sai an ba mu ba, maƙeranmu sun daɗe suna ƙera ta. Amma wanda ya taɓa ganin ana ɗura ta ya san aikin da ke ciki: a zuba albarushi, a danna, a zuba ƙarafa, a sake dannawa, a harba sau ɗaya, sannan a koma farko. Ranar damina in albarushi ya sha sanyi ma sai ta ƙi tashi. Shi kuwa wanda ya zo maka bisa babur, su uku-uku, AK-47 ce a hannunsa, gidan harsashinta guda yana cin talatin, kuma ba shi kaɗai ya zo ba. In ta kashi na biyu ce, harbi biyu ne sai a sake sa harsashi, kuma ba ta cin nisa. Balle kuɗinta, manomin da aka hana shi zuwa gona, aka sa wa garinsu harajin girbi, ya sayar da shanun huɗa ya fanshi ɗansa, da me zai saye ta? Waɗanda za su iya saye su ne waɗanda dama suna Gusau da Abuja a bayan katanga. In kuwa kun ce a'a, ita AK ɗin ce za a raba, to ku faɗa a fili, mu kuma mu tambaye ku ranar da za a karɓe ta da wanda zai karɓa. Rikicin iyakar gona, rikicin gado, rikicin zaɓe, faɗan samari a dandali, duk waɗannan suna nan ba inda suka tafi, kuma yau da sanda da gora ake yin su.

Kada a manta mun ɗanɗana irin wannan tuwo. Da satar shanu ta yi ƙamari a ƙasar Ɗansadau da Zurmi da sauran wurare shekaru goma sha da suka wuce, hukuma ta yi ko oho, sai jama'a suka kafa 'yan sa-kai. Da yawansu mutanen kirki ne da tura ta kai su bango, kuma akwai garuruwan da ba don su ba da tuni sun zama kufai. Amma wa zai musa cewa a cikinsu an sami waɗanda suka mai da kansu alƙalai da hauni a lokaci guda? A kama Bafillace a tsakiyar kasuwa, ba tuhuma ba shaida, a kashe shi a gaban jama'a. Ɗan'uwansa da jiya yake kiwo kawai, gobe sai ya shiga daji ya nemi masu bindiga. Su kuma in sun tashi ramuwa ba sa neman wanda ya yi, gari suke nema. Abin da ya faru a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru a watan Afrilu na 2014, inda aka afka wa taron 'yan banga da maharba aka yi musu kisan gilla, ya isa ya nuna yadda wutar take cin kowa. Duk wannan fa da bindigar toka da adda aka fara shi. Gwamnatocin jihar sun sha haramta 'yan sa-kai, su sake kau da kai, su sake haramtawa, har a watan Janairu na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600. Ko ba kome su an ɗauki sunansu, an horar da su, an sa musu kaki, akwai wanda za a tambaya in sun yi ɓarna. Tsakanin wannan da a ce kowa ya je ya nemo tasa akwai tazara mai nisa.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika faɗa ba. A watan Janairu na 2025 mutanen Tungar Kara, can wajen iyakar Maradun da Zurmi, suka fito da 'yan makamansu don bin sawun ɓarayi. Jirgin yaƙin sojan sama ya hango su ya ɗauka su ne ɓarayin, ya yi musu ruwan wuta, aka rasa rayuka. Daga sama, talaka mai bindiga bisa babur da ɗan ta'adda mai bindiga bisa babur kamanninsu ɗaya. Wato ka bi shawarar hukuma ka ɗauki makami, hukumar kuma ta kashe ka saboda ta gan ka da makami.

Game da Amurka da ake ta yi mana misali da ita, ba zan daɗe ba. Gaskiya ne tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma kowace jiha tana da nata ƙa'idodi, har jihar Tekzas ta soke buƙatar lasin na yawo da ƙaramar bindiga a 2021. To a wannan jihar ce, wata guda kafin sanarwar Gusau, wani saurayi ya shiga makarantar firamare a garin Yubalde ya kashe yara 19 da malamai biyu. A 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 ne bindiga ta yi ajalinsu a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wannan fa ƙasa ce mai 'yan sanda a kowane lungu da kotuna masu aiki da asibitocin da za a kai wanda aka harba cikin minti kaɗan. Mu da mai naƙuda take kwana a kan amalanke kafin a kai Talata Mafara, wane ɓangare na abin nasu muke sha'awa?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Kai da kake mutumin Birnin Tudu, ai kai ya kamata ka fi kowa ƙin yarda da bindigar gwamnati." Wannan magana tana da nauyi, don haka zan tsaya a kanta. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aka gama a 1978, an karɓe gonakin kakanninmu, an hana su noma shekara da shekaru ana gyaran fili, diyya kuwa wani ya samu kaɗan wani bai samu ba. Da suka gaji da kai kuka, sai suka tare hanyoyi suka tsai da aikin kamfanin Impresit na Italiya. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma mota-mota. Aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, Birnin Tudu na tsakiyar abin. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce 25 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Har yau tsofaffinmu in sun zo wannan labari murya takan sauka. Amma ni abin da na tsinta a cikinsa dabam ne da abin da mai tambayar yake so in tsinta. Ashe gwamnati ta san hanyar Birnin Tudu. Ashe tana da motoci da mai da harsashi da mazajen da za su iso cikin kwana ɗaya, in dai injin ɗan kwangila ne aka tsayar. Yau da ake tsai da manomi a bakin gonarsa, sai aka ce daji ya yi faɗi, ma'aikata sun yi kaɗan, kowa ya yi ta kansa. Wanda ya yarda ya sayi bindiga a kan wannan sharaɗi ya yafe wa hukuma bashin da tsarin mulki ya ɗora mata, inda ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne maƙasudin farko na kafa gwamnati. Ni ban yafe ba. Ban ce mutum ya miƙa wuya a yanka ba, addini da doka duk sun yarda ka kare ranka da iyalinka in an zo maka. Abin da na ƙi shi ne a mai da larura ta zama manufar gwamnati.

Sai dai kada a ɗauka ina goyon bayan yadda ake tafiyar da lasin a yanzu. Rufe ƙofa gaba ɗaya da aka yi bai taɓa ɗan ta'adda ba ko kaɗan, don shi bai taɓa zuwa ofis neman takarda ba, tasa ta kan iyaka take shigowa, ko ta hannun ɓatagari. An bar jaki ana dukan taiki. Taikin kuwa shi ne maharbi, mutumin da ya gaji sana'ar nan kaka da kakanni. Mu ɗaliban Hausa mun karanta yadda farauta take da tsari tun kafin zuwan Bature. Akwai Sarkin Baka, akwai Sarkin Dawa. Yaro ba ya wayar gari ya saɓi bindiga, sai ya yi shekaru yana bin ubangida, yana ɗaukar gora da jaka, ana lura da hankalinsa da fushinsa da riƙon amanarsa. Dokar 1959 ta ce kada a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Madalla. Amma wa ya fi sanin mashayi da mai zafin zuciya a ƙauye, jami'in da ke zaune a Gusau ko Sarkin Bakan da ya san mutum tun yana tsirara?

Rashin wata shaida da kowa ya sani ya kuma yarda da ita ya riga ya ci rayuka. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Salla, waɗansu mafarauta 'yan jihar Kano suna dawowa gida daga jihar Ribas cikin babbar mota. A garin Uromi na jihar Edo 'yan banga suka tsai da su, suka ga bindigogin toka, aka yi kururuwa cewa masu satar mutane ne. Aka kashe 16 daga cikinsu, aka cinna musu wuta. Gwamnan Edo ya zo har Kano ta'aziyya. Ba na cewa guntuwar takarda za ta tsai da taron da ya haukace, amma ƙasar da ta bar maharbi yana yawo tsakanin halas da haram, kowane shingen hanya sai ya yi bayani ko ya ba da na goro, ita ta share fagen wannan ɗanyen aiki. Abin lura kuma, waɗanda suka tsai da su ɗin su ma masu kare kai ne, irin waɗanda ake so mu cika ƙasa da su.

Don haka abin da nake kira a yi ba ya bukatar sabuwar doka daga Abuja. Kashi na uku dama yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda da gwamna. A buɗe rajista a fadar kowane hakimi, Sarkin Baka ya tsaya wa mutanensa, maƙeri ya buga lamba a jikin kowace bindigar da ta fita daga maƙerarsa, a ba maharbi kati mai hotonsa da Hausa da Turanci wanda ɗan sandan Edo zai gane kamar yadda na Bakura zai gane. Wanda ya yi ɓarna da tasa a karɓe, a kuma tuhumi wanda ya tsaya masa. Manyan bindigogi kuwa su zauna a hannun waɗanda ake biya albashi don su riƙe su, mu kuma mu hana su barci da tambaya: ina sojan da aka ce an turo, ina kuɗin tsaron da ake warewa duk wata, wa ke sayar wa 'yan daji mai da harsashi?

Mu ma 'yan wannan ƙungiya akwai namu aikin. Dokar da za ta iya ɗaure maharbi shekara goma da Turanci aka rubuta ta, Turancin ma na lauyoyi, wanda ko mu sai mun buɗe ƙamus. Muna da malaman fassara a sashenmu, muna da abokai a tsangayar shari'a. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su kafa ɗan kwamiti a wannan zango, a fassara sassanta da suka shafi bindigar toka da mai baki biyu, a buga a fitowa ta gaba, a kuma kai wa gidajen rediyon Gusau da Sakkwato su karanta. In lokacin hutu ya yi, ni zan ɗauki ta Birnin Tudu in kai wa Sarkin Baka da hannuna.